Yadda Za Mu Raini Zogale a Gidajenmu na Zango

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, hadisin da ke nuna cewa duk Musulmin da ya yi shuka ko dashe, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, to sadaka ce gare shi. Mu a Nima da Maamobi uzurinmu kullum shi ne rashin fili. Amma zogale ba ya buƙatar gona, bokiti ma ya ishe shi, ga shi ganyensa na ɗauke da sinadarin ƙarfe da na gina jiki waɗanda yara da masu shayarwa ke buƙata.

Hanya biyu ake yaɗa shi. Ta farko ita ce iri. A cika ledar fiya wata da ƙasa mai yashi haɗe da ruɓaɓɓen takin awaki, a huda ƙasanta, a binne ƙwaya ɗaya zurfin santimita 2. Cikin mako 1 zuwa 2 zai tsiro. Bayan kamar mako 6 sai a yanka ledar a mayar da shi babban mazubi da ƙasarsa, kada a ciro shi, domin saiwarsa ba ta jure rauni.

Ta biyu ita ce reshe. A saro ƙosasshen reshe mai tsawon mita 1, a bar shi a inuwa kwana 2 bakin saran ya bushe, sannan a binne kashi ɗaya cikin ukunsa.

Abin da ya fi kashe ƙaramin zogale shi ne yawan ruwa. Idan galan Kufuor muka yanka, mu huda ƙasansa sosai, musamman da yake babbar daminar Akara daga Afrilu zuwa Yuli take. Ruwan da ya kwanta yana ruɓar da saiwa, kuma yana tara sauro. A ajiye shi inda rana ke bugawa, a kange shi daga awaki. Idan ya kai ƙugu a tsinke kansa don ya yi rassa. Ganyen kuma a inuwa ake shanya shi.

A 2021 aka fara ranar Green Ghana, inda aka kira jama'a zuwa ga dashe. Mu kuwa addininmu ya riga ya kira mu. Wanda nasa ya kama, ya ba maƙwabci reshe, ya kai wani makarantar allo. Allah Ya karɓa mana, amin.