Me ya sa na'urar saurare mai tsada ke rasa ƙarfi a salula?

Mutum ya sayi na'urar saurare ta kunne mai tsada, ya jona ta da salula, sai sautin ya fito siriri. Sau da yawa lafiyarta lau. Wutar da salular ke turo mata ce ba ta isa ba.

Kowace na'urar kunne tana da turjiyar da take yi wa lantarki, ana auna ta da ohm. Ƙananan da ake cusawa cikin kunne galibi ohm 16 zuwa 32 ne. Amma Sennheiser HD 600 ta ƙasar Jamus, wadda ta fito a 1997, ohm 300 ce. Irinta sai da ampili, akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi.

Shi ma ampilin yana da tasa turjiyar a mafitarsa. Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi: kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar na'urar kunnen. In ta wuce, amon ganga kan iya kumbura, ya danne muryar mawaƙi.

Don haka kafin ku biya kuɗi, ku duba lambar ohm a jikin kwali.