KASHI NA YAU: Yadda Ake Haɗa Tamostat Da Injin Ƙyanƙyasar Ƙwai Na Sola

Shirin yau na matasa ne masu kiwon kaji da zabi, musamman 'yan uwanmu na Tabanni da sauran ƙauyukan Birnin Gwari, inda sola da batir su ne wutar da ake dogaro da ita.

Kun san zabuwa da damina take zuba ƙwai, amma ba ta cika zama ta yi kwanci ba. Shi ya sa iyayenmu ke sa wa kaza ƙwan zabi. To kaza guda nawa za ta rufe? Wannan ne ya sa matasa ke haɗa injin ƙyanƙyasa da katako ko tsohon firij. Zuciyar injin nan kuwa wata 'yar na'ura ce da ake kira tamostat, mai auna zafi, ta kunna wuta ta kashe da kanta.

Ga abu ɗaya da nake so ku riƙe: tamostat ba ya ba da wuta, makunni ne kawai.

A Ingila, gidaje da yawa suna da tukunyar gas guda ɗaya mai ɗumama ɗakuna, ta kuma ba da ruwan zafi. Suna haɗa ta da tamostat na zamani irin Nest ko Hive, wanda ake sarrafawa da wayar hannu. Duk tsadarsa, a yawancin gidaje aikinsa shi ne ya haɗa bakin wayoyi 2 idan sanyi ya yi, ya raba su idan ɗumi ya isa. Aikin da ɗan ƙaramin W1209 mai amfani da bolt 12 yake yi ke nan, wanda ake samu wajen masu kayan lantarki a Kaduna da Kano.

W1209 yana da bakin waya 4: K0, K1, +12V da GND. Inda ake yawan tafka kuskure shi ne a ɗaura gulob kai tsaye a K0 da K1. Za ka ji na'urar ta yi ƙas, ƙaramar fitilarta ta kama, amma gulob shiru. Sai a ce ai jabu ce. Lafiyarta ƙalau, ba a dai kai wa makunnin wuta ba ne.

Ga yadda ake yi:

1. Jar wayar batir ta bi ta fiyus, ta shiga +12V. Baƙar ta shiga GND.
2. Ɗauko guntuwar waya ka haɗa +12V da K0.
3. Daga K1 ka ja waya zuwa gulob.
4. Ɗaya wayar gulob ɗin ta koma GND.

Fanka kuma, irin ta kwamfuta, ka ba ta wuta kai tsaye. Kada ta bi ta makunnin, domin dole ta yi ta juyawa dare da rana tana raba zafi ko'ina.

Gulob fa ba na LED ba, shi ba ya zafi sosai. Nemi na mota mai wat 21. Guda 2 wat 42 ke nan, wato am 3.5. Idan suna ci rabin lokaci, za su sha am 42 a awa 24. Yi wannan lissafin kafin ka sayi batir, musamman da yake damina ce, rana kan yi wuya.

Saura saiti. Danna SET ka sa 37.5. Sai ka danne shi na 'yan daƙiƙu ka shiga P0. Yawanci na'urar tana zuwa a kan C, wato sanyayawa. Mayar da ita H. In ka bar ta a C, sai zafi ya hau sannan za ta kunna gulob, ka ga ta koma dafa ƙwai. Sai P1, tazarar da ke tsakanin kunnawa da kashewa. Tana zuwa a 2, kuma digiri 2 ya yi wa ƙwai yawa. Rage ta zuwa 0.3.

Bakin sensa, wato wayar da ke jin zafi, ka rataye shi daidai tsayin saman ƙwai, nesa da gulob.

Kada ka yi gaggawar zuba ƙwai. Bar injin ya yi awa 24 babu komai, ka sa ma'aunin zafi irin na asibiti kusa da sensa. In sun saɓa, gyara a P4. Ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabi 26 zuwa 28. Riƙa juya su aƙalla sau 3 a rana, ka daina idan saura kwana 3. Ka ajiye faranti da ruwa a ciki saboda laima.

Gargaɗi: akwai STC-1000 mai aiki da bolt 220. Dabarar ɗaya ce, amma wannan wutar tana kisa. In ba ka iya ba, kira mai gyaran wuta.

Wanda ya taɓa haɗawa, ya gaya mana ƙwai nawa ya sa, nawa suka fito. Allah ya sa albarka a kiwo. Sai mun haɗu a kashi na gaba.