Masu Kai Wa Masu Taɓin Hankali Ɗauki A Amurka

A shekarar 1989 ne asibitin White Bird da ke birnin Yujin, cikin Jihar Oregon ta Amurka, ya kafa ƙungiyar CAHOOTS. Da zarar an buga waya cewa hankalin wani ya gushe, ko yana neman kashe kansa, sai a tura mota da mutum biyu, wato ma'aikacin lafiya da gwanin lallashi. Ba su ɗaukar bindiga ko ankwa, haƙuri da sauraro su ne makamansu.

A 1989 ɗin abin gwaji ne, amma a 2019 kira wajen 24,000 suka amsa, kuma waɗanda suka nemi taimakon 'yan sanda a kansu ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. Duk da haka, rashin kuɗi ya tsayar da aikin a Yujin cikin watan Afrilu na 2025.