Hajji a Ƙasa: Yadda Magabata Suka Yi Lissafin Guzuri

'Yan uwa fatake, duk shekarar da kuɗin kujerar Makka ya tashi, sai ka ji a kara da zango ana cewa, "Ai gara mu kama hanya a ƙasa yadda kakanni suka yi." Wasu da wasa suke faɗi, wasu kuwa har zuci. To tun da mu mutanen tafiya ne, bari mu zauna mu yi lissafin abin kamar yadda muke yi kafin mu kora garke.

Hanyar dai sananniya ce. Mutanen Damagaram da na Kano sukan haɗu a Yerwa, su bi Dikwa zuwa Kusuri, su ƙetare kogi su shiga Fort Lami, wadda ta koma Injamena a 1973. Daga nan sai Abeshe da Adre, a shiga Sudan ta Jinaina, a wuce Fashir da Nuhud zuwa Ubayyid, inda mai hali kan hau jirgin ƙasa. Ƙarshenta Sawakin a bakin Bahar Maliya, a zauna a killace don duba lafiya, sa'an nan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar ta haura kilomita 3,000. Mun san garke ba ya wuce kilomita 15 zuwa 20 a yini in ana so ya isa da tsoka, kuma ayari mai mata da yara da tsofaffi bai fi shi sauri ba. Watau ko ba a tsaya ko'ina ba, wata shida ne ko fi. Amma wa ya taɓa yin ta ba tsayawa? Da yawa sai sun shekara bakwai ko takwas kafin su dawo gida.

Dalili kuwa, ba su fita da cikakken guzuri. A mazhabar Malikiyya, wanda yake da ƙarfin tafiya a ƙasa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana ƙirga shi cikin masu iko ko ba shi da abin hawa. Saboda haka sana'a ita ce jakar kuɗinsu. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, mai ɗinkin hula ya ɗauki allurarsa, malami ya ɗauki allonsa. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya yi ƙodago: girbin gero a Wadai, ɗiban ƙaro a Kurdufan, ga-ruwa a birane. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, sai tsinkar auduga ta zama babbar hanyar cika kuɗin jirgin ruwa. Nan kusa da garin Maiwurno ne, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma jikokin waɗanda guzurinsu bai cika ba suna da yawa a wannan yanki.

Ga inda abin ya shafe mu. Sau da yawa mukan ji ana cewa sai mutum ya kora shanunsa gabas, yana sayar da ɗaya-ɗaya yana ci. A ganinmu wannan lissafin wanda bai san kasuwa ba ne. Shanu daga Cadi suke gangarowa yamma, su bi ta Gambaru su shiga Yerwa, domin can kuɗinsu yake. Wanda ya kora su gabas ya kai kaya inda suka fi araha, ga kuɗin mashaya, ga harajin kowace iyaka, ga tsando a bakin kogi, ga rama. Abin da ya fi shi ne a sayar a Yerwa, a sayi kaya marasa nauyi masu daraja a gaba, irin su goro da tufafi, a bar jaki ko takarkari ɗaya don ɗaukar salka da taikin gero. Abinci kuwa wanda ba ya lalacewa: garin gero, kuka, daddawa, ƙilishi, ƙuli-ƙuli.

Lokacin tashi ma ba na ganin dama ba ne. Da damina ƙasar firgi ta kudancin tafkin Cadi laka ce da ke riƙe ƙafar jaki, da bazara kuwa rijiyoyin Wadai da Darfur sun ja baya. Saboda haka bayan kaka ake tashi, hatsi na araha, tafkuna ba su ƙafe ba, sanyi na taimakon ƙafa. Tsakanin Fashir da Ubayyid ne ruwa ya fi wuya, har mutanen wajen Nuhud kan rarake cikin itacen kuka su tara ruwan sama a ciki, da rani su sayar wa matafiya. Wanda bai sa kuɗin ruwa a lissafinsa ba, nan ake gane shi.

To yau fa? Malaman da suka ce mai ƙarfin tafiya yana da iko, su ne kuma suka sa sharaɗin amincin hanya ga rai da dukiya. Rikicin Boko Haram tun 2009 ya ɓata hanyar Dikwa da Gambaru, wannan kowa a cikinmu ya gani. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita Jinaina da Fashir, Adre ta cika da 'yan gudun hijira. Ko mutum ya tsallake duk wannan, tun 1988 kujeru ƙayyadaddu ne, kusan ɗaya ga kowane Musulmi dubu a ƙasa, kuma bizar Hajji ta hannun hukumar alhazai take fitowa, COHO a Nijar, NAHCON a Nijeriya. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari ba su da izini, sun yi ta tafiya a rana ba tanti ba mota. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai bi da kai ta bayan fage, wannan layin yake kai ka.

Shawararmu ga mai ƙaramin jari ita ce ya ware maruƙa biyu ko uku da sunan Hajji, kada ya haɗa su da uwar kuɗi, balle kuɗin mutane da ke hannunsa. A kula, ana biyan kuɗin kujera watanni kafin tashi, alhali dabba ta fi daraja gab da Layya. Ke nan abin da aka sayar a Layyar bana shi zai biya kujerar baɗi. A tanadi fasfo da katin allurar shawara da ta sanƙarau tun da wuri, a cire kuɗin hadaya daban, a biya 'yan kora da dillalai haƙƙinsu, a bar wa iyali hatsin da zai kai su.

Mai marmarin tafiyar ƙasa kuwa zai same ta a can. Daga Makka zuwa Mina kamar kilomita 7 ne, Mina zuwa Arfa kamar 14, ga zuwa jifa da dawowa kwana uku ko huɗu a jere. Sai a nemi takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, da lema, da gorar ruwa.