Zauren Bulama da Ɗakin Bita: Wa Ya Fi Iya Raba Rigimar Fadama?

A fadamar Haɗeja mutum uku ne ke ci daga fili ɗaya, kowa da lokacinsa. Ruwa ya malalo, masunci ya kafa dumba. Manomi ya yanke shinkafa. Ƙasa ta tsane, makiyayi ya gangaro da shanu su ci abin da aka bari. Duk sanda waɗannan lokuta suka hau juna, a Guri ne ko Kirikasamma ko Auyo, sai an nemi mai raba gardama. A yau iri biyu gare mu: wanda ya gaji sulhu a zaure, wato bulama da arɗo da sarkin ruwa, da kuma wanda ya koyo shi a makaranta ko wajen bita.

Na zaure ya fi sanin ƙasa, wannan ba gardama. Ya san inda burtali ya bi kafin a nome shi, ya san kakan wane ne ya ara wa kakan wane gona. In shanu sun yi ɓarna, da ƙafa yake zuwa ya duba, ya kimanta buhu nawa aka rasa, a yanke diyya kafin zuciya ta kai ga baka da kibiya. Jami'in da aka horar ba shi da wannan. Sau da yawa yakan iso bayan an yi abin da za a yi, ya tambayi sunan garin. Amma yana riƙe da abin da bulama ba ya riƙe da shi: taswirar makiyaya, dokar wuraren kiwo ta 1965, dokar filaye ta 1978, da hanyar ofishin da ke iya dawo da burtalin da aka cinye.

Sai dai tushen rigimar yanzu ba a garin bulama yake ba, kuma nan ne ma'auni ke karkata. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Chalawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina bin ɗabi'arsa ta cika da damina da ƙafewa da rani. Ruwan da ake saki duk shekara ya ba ciyawar kachalla gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsun jan baki. Ruwa ya karkata zuwa rafin Marma yana cin gonaki ta wajen Nguru, yayin da garuruwan da ke kan rafin Burum Gana ke kukan ƙishi. Manomin da ruwa ya cinye wa gona ya hau burtali. Makiyayin da ya tarar da burtali a nome ya bi ta cikin albasa. Injin ban ruwa kuma ya mai da bakin kogi, inda a da mashaya ce, lambu mai kore har bazara. Bulama zai iya sasanta mutum biyun da ke gabansa, amma ba shi da murya a kan ƙofar dam da ke Jihar Kano. Mai horo shi ke iya karanta lissafin ruwa, ya zauna da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ya nemi a saki ruwa a kan kari. Irin wannan aiki, wanda shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru ya soma tun 1987, shi ya share hanyar taron Damaturu na 2006, inda jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka amince da asusu guda don kula da kogin. Ba zauren da zai iya haɗa wannan taro.

Ta fuskar amana kuwa, kowanne na da tabonsa. Maganar bulama na da nauyi domin gobe ma yana nan, da shi za a yi sallar Juma'a, da shi za a yi jana'iza. Amma kusancin nan shi ne rauninsa: manomin ɗan garinsu ne, wataƙila ma surukinsa, Ba'uden da ya taso daga Nijar da tumaki kuwa baƙo ne da zai wuce cikin mako. Akwai kuma masu sarautar da da hannunsu aka yanka makiyaya aka sayar. Jami'i ba shi da dangi a rigimar, abin da ke sa baƙo ya saki jiki da shi. Amma ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin kaka mai zuwa, ya tafi da duk abin da ya fahimta.

Wani abu da nake ganin ba a cika yaba wa horon zamani a kai ba shi ne rubutu da sauraro. Sulhun zaure a baka yake, in shaidu suka mutu sai a koma farko. Kuma zaure na maza ne: mai tallan nono da mai turara shinkafa da mai banda kifi ba sa shiga, alhali abincinsu ne ake yanke wa hukunci. Mai horo an koya masa ya nemi irin waɗannan, ya bambance abin da mutum ke faɗa da abin da yake bukata, ya rubuta yarjejeniya da ranar da za a sake duba ta. Aibin bitar shi ne inda ake yin ta da wanda ake kira: otal a Dutse ko Kano, da Turanci, ga ma'aikatan da ba su ne za a tasa da tsakar dare in shanu sun shiga gona ba.

Da na auna, ga inda na tsaya. Rigimar ɓarna tsakanin mutum da mutum, na zaure ya fi, kuma nesa ba kusa ba. Rigimar ruwa da iyakar makiyaya, wadda ke haifar da ɓarnar, ta fi ƙarfinsa, ta mai horo ce. Saboda haka kuɗin horon da hukumar sasanta manoma da makiyaya ta Jigawa da masu tallafa mata ke kashewa, na fi son a karkata mafi yawansa ga bulamomi da arɗo-arɗo da sarakunan ruwa na masarautar Haɗeja, da Hausa da Fulatanci, a garuruwansu, kafin a fara yankan shinkafa. Jami'an kuwa a tura su inda ake buɗe dam da inda ake sa hannu a takardun fili.