Gani ya kori ji: yadda manoma da masu bincike suka yarda da juna kan ajiyar wake



Kowa cikinku ya san abin da ke samun wake bayan kaka. Ka zuba shi buhu yana ƙyalli. Bayan wata biyu ko uku ka sa hannu, ka tarar da huji ko'ina, gari na zuba. Ƙwaron da ke wannan ɓarna tun daga gona yake biyo waken. Tsoronsa ne ke sa mutum ya kai wakensa kasuwa tun kaka, lokacin da tiya ba ta da daraja, sa'an nan ya sake saye da tsada in bazara ta yi. Wani kuma ya zuba magani mai guba cikin abin da iyalinsa za su ci. In aka cire Nijeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya. Kun ga ke nan asarar ba ƙarama ba ce.

Yau akwai buhu mai riɓi uku da ke tsare wake ba tare da magani ba. Amma dabara, kome kyanta, in manomi bai yarda da ita ba, a ofis za ta kwana. To, yaya aka yi aka yarda da wannan?

Daga ina dabarar ta fito?

Wajen ƙarshen shekarun 1980, masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka da ƴan'uwansu na Kamaru, a Marwa, sun fara da duba abin da mutanen karkara ke yi. Sun ga mata na cakuɗa wake da toka. Suka gwada, suka tabbatar toka na aiki in ta kai yawan waken. Sun kuma lura cewa ƙwaro ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Daga nan aka kai ga buhun da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa ɗaya a waje. In an ɗaure, ƙwarin su shaƙe ƴar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu. A 2007 aka fara yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A Nijar, ma'aikatar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, ita ta riƙe gwajin, musamman cibiyarta ta Maradi.

Ranar kwance buhu

Masu aikin ba su ce ma kowa ya yarda don sun yi karatu ba. Sukan zo gari, a taru a fili gaban mai gari. Wasu manoma su kawo waken kansu, a zuba, a ɗaure gaban kowa. Buhun ya zauna cikin garin, hannun mai shi. Bayan watanni, a sake tara jama'a a kwance shi. Kowa ya sa hannu, ya duba, ya shinshina, ya gwada da waken da aka aje yadda aka saba.

Ku lura da abin da ke cikin wannan tsari. Mai wake ya sa abincinsa, mai bincike kuma ya sa mutuncinsa. Da buhun ya ƙi aiki, gaban gari duka za a gani, babu wurin ɓoyewa.

Abin da manoma suka mayar

Maganar ba ta tsaya daga sama zuwa ƙasa ba. Manoma sun yi tambayoyi, tambayoyin kuma suka zama aikin bincike. Waken da ya daɗe a ɗaure zai tsira in an shuka? Aka gwada, yana tsira. Ana iya sake amfani da buhun wata shekara? Ana iyawa, muddin ledar ba ta huje ba. Sauran amfanin gona fa? Aka gwada shi da masara, da dawa, da gujiya. Da farko don wake kaɗai aka yi shi, daga baya aka buɗe shi ga sauran amfanin gona. Inda mutane suka koka cewa ba su samun buhun kusa, sai aka koma neman ƴan kasuwa da za su kai shi kasuwannin ƙauye.

Hakkin kowa

Mai bincike, da mu malaman gona da ke tsakaninsa da ku, hakkinmu ne mu faɗi iyakar dabara tun farko. Ga ta: wake ɗanye ba ya ajuwa, sai ya bushe sarai. Leda mai huji ba ta da amfani. Ku hura ta ku duba kafin ku zuba. Ku matse iska, ku ɗaure kowace leda daban. Ku ɗora buhun bisa katako, nesa da bango, don ɓera ba ya jin tsoronsa. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba kullum.

Ku ma kuna da naku hakki. Al'adarmu ce mu girmama baƙo, mu ce masa madalla ko da abin da ya kawo bai yi ba. A wurin gwaji, wannan kunya cuta ce. In iri bai yi a gonarka ba, ko buhu ya ɓata maka wake, faɗi, ka kuma faɗi yadda ka yi. In ka yi shiru, mai bincike zai koma ya rubuta cewa kome ya tafi daidai, a kai kuskuren wani gari. Mata su matso gaba ranar taro, don su suka fi kowa sanin halin ajiya.

Duk wanda ya zo muku da sabon iri, ko taki, ko magani, ku tambaye shi: ina aka gwada? Za ka gwada a nan, gabanmu? In bai yi ba, wa za mu gaya ma? Mai gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana abin da muka noma.