Ciyar da Yaro Daga Wata Shida Zuwa Yaye: Nauyin da Ke Kan Iyaye

 

Akwai wani abu da muke yawan gani a gidajenmu nan Madekali da sauran garuruwan ƙasar Malanbil. Jariri zai yi ɓul-ɓul a watanninsa na farko, kowa na son ɗaukarsa. Da ya kai wata takwas ko tara sai ya fara zubewa, gashinsa ya yi ja, zawo ya ƙi tsayawa. Wasu su ce haƙori ne, wasu su ce baki ne ya kama shi. Sau da yawa kuwa dalilin yana cikin ƙoƙon da ake ba shi kunu. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wannan bayani, musamman ga maza da ke cika sahun masallaci, domin su ne masu cefane.

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, kuma a cikinta aka ɗora wa mahaifi ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita gwargwadon hali. Binciken likitoci ma nan ya tsaya. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba kunu, ba bauri, sannan a fara ƙara masa abinci ana ci gaba da nono har shekara biyu ko fiye. Dalili shi ne bayan wata shida nono shi kaɗai ba ya ƙosar da jikin da ya girma, kuma sinadarin ƙarfen da yaro ya zo da shi daga ciki, wanda jini ke ginuwa da shi, ya fara ƙarewa.

Babban kuskurenmu shi ne tsinkakken koko. Cikin yaro ɗan wata bakwai bai fi ɗaukar kofi ɗaya mai cin mililita 250 ba. In aka cika shi da kokon da yawancinsa ruwa ne, yaro zai yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali abin da ya shiga jikinsa kaɗan ne. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebo kunun a cokali a karkata shi. In ya zube kamar ruwa, ya yi tsinkewa. In ya ɗan tsaya kafin ya zubo, kaurinsa ya yi.

Kauri kaɗai ma bai wadatar ba, sai an haɗa hatsi da abin gina jiki, kuma Allah ya wadata ƙasarmu da shi. Ga kifi daga kogin Kwara, ga wake da gyaɗa a kasuwar Malanbil, ga zogale a bayan gida, ga ƙwan kaji da na zabi. Ana iya busar da ƙananan kifi a daka su lukui, a tankaɗe don kada ƙaya ta saura, a riƙa zuba cokali ɗaya a kunu. Akwai kuma haɗin da ake koya wa mata a arewacin Nijeriya: awo 6 na gero ko dawa, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. A tsince gyaɗar da ta yi funfuna a zubar, domin tana ɗauke da dafi mai cutar da hanta.

Ga yawan abin da za a ba shi. Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 a yini, a fara da cokalin cin abinci 2 ko 3, ana ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 9 zuwa 11, sau 3 ko 4, rabin kofi kowane ci. Daga shekara ɗaya zuwa biyu, sau 3 ko 4 daga tukunyar gida, kashi uku cikin huɗu na kofi har zuwa cikakken kofi, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani.

Tunda yininmu a kan lokutan salla yake tafiya, uwa na iya kafa tsarin a kansu. Mu ɗauki yaro ɗan wata tara. Da asuba nono. Da hantsi kunu mai kauri da garin gyaɗa. Bayan azahar tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa da naman kifi da aka cire wa ƙaya. Da la'asar ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali an murje. Kafin magariba faten wake da ɗan manja, ko dafaffen ƙwai. Nono kuwa duk sa'ad da ya nema, dare da rana. A ba shi kwanonsa daban, domin in aka haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa ba wanda zai san ko ya ci.

Sai abubuwan da za a kiyaye. Zuma tana da falala sananniya, amma kada a ba yaron da bai cika shekara ba, domin tana iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa, mai saukar da shanyewar jiki. A daina ɗura, wato toshe wa yaro hanci a zuba masa kunu, domin kunun na iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Shayi yana hana jiki amfana da sinadarin ƙarfe. Gyaɗa ɗaya-ɗaya tana shaƙe yaro. A wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan sha, musamman lokacin da kogi ya cika ya gurɓata rijiyoyi, kuma kada a ba shi kunun da ya yini a buɗe.

Wasu na hana yara ƙwai wai zai sa su sata. Wannan camfi ne, ba shi da asali a shari'a. Abin mamaki, mutumin da ke gaskata shi ne zai zauna wurin mai shayi da safe a soya masa ƙwai uku, ɗansa na gida yana shan tsinkakken koko. Ya inganta daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa abin da mutum ya ciyar da iyalinsa yana neman lada sadaka ne, kuma tozarta wanda kake ciyarwa zunubi ne babba. Ƙwai ɗaya daga cikin ukun nan in ya shiga gida, ya isa yaro a yini. Ita ma mai shayarwa a ƙara mata abinci, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A riƙa kai yaro awo a asibiti, a karɓi digon bitamin A duk wata shida tun daga watansa na shida, da allurar ƙyanda a wata tara. In ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ya ƙi nono da abinci, ko damtsensa ya faɗa a ja a igiyar awo, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a kai shi ranar ba sai gobe ba. In yana ciwo kada a janye abinci, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, in ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har ya maida jikinsa.

Muna roƙon limamai da ɗalibai su karanta wa jama'a wannan bayan salla, su kuma isar da shi ga mata a makarantun Islamiyya. Allah ya raya mana zuriya, ya sanya albarka a abincinmu.